Bakwai a Bayan Sha Biyu

Ranar Talata da hantsi aka zuƙe ruwan babban tankin da ke ɗakin ƙyanƙyasa na gonar kifin nan ta ƙarshen layi, aka ƙirga iyayen tarwaɗa, aka tarar sha biyar ne. Ashirin da huɗu ya kamata su kasance. Mai Gona ya sa aka sake ƙirgawa, shi ma ya naɗe wando ya shiga da kansa yana taɓa kan kowace da sanda, amma taran nan ba su fito daga ƙarƙashin kowa ba. Masu banda da suka zo saye suna tsaye da robobinsu, suka kalli juna suka koma.

Ɗakin ba shi da taga, sai 'yan ramukan iska da ko hannu ba ya shiga. Ƙofarsa ɗaya ce, ta ƙarfe, ba ta jin mabuɗi sai kati. Masu katin kuwa mutum huɗu ne: Mai Gona, da Direba, da Gwaggo mai wanke ƙasa, da mai kula da kifin, wani dogon mutum marar magana da ake kira Ungozoma saboda a hannunsa kowane ɗan kifi na gonar ya zo duniya.

Kafin rana ta take, shagunan da ke kallon gonar sun gama shari'a. Tela ya ce Direba ne, mai kanti ya ce Direba ne, mai gyaran keke ya ce shi dai bai taɓa yarda da mutumin da ke fito yana tuƙi ba. Haka ake ciki har Injiniya ya iso da takardarsa.

Injiniya shi ya haɗa na'urar ƙofar. Duk lokacin da aka buɗe, na'urar takan rubuta layi guda: rana, lokaci, sannan kalmar kati da lambarsa a manne da ita. Layukan mako biyar sun yi yawan da ido zai gaji, don haka ya rubuta wa kwamfuta ɗan umarni: ga lambobin mutum huɗu, ki bi rubutun nan daga farko har ƙarshe, duk inda kika ga ɗaya daga cikinsu ki ƙirga. Kafin ya ajiye kofin ruwansa ta gama.

Gwaggo, mai kati sha biyu, sau ɗaya take shiga kowace safiya, kwana shida a mako. Talatin ke nan. Takarda ta ce talatin da tara. Tara sun yi yawa, kifi tara sun ɓata.

A bakin babbar ƙofa, a gaban tela da mai kanti da duk mai wucewa, Mai Gona ya karɓe katin daga hannunta. Ya ce ya ba ta zuwa Asabar. Ko ta faɗi inda ta kai su, ko ya kira 'yan sanda.

* * *

Mahaifin Injiniya tsoho ne da ake kira Mai Sawu. Shekara arba'in ya yi yana bin dabbobin da aka sace, har gwiwoyinsa suka ce ya isa, ɗansa ya ɗauko shi ya ajiye a ɗaki a bene na biyu, inda ƙasa ke da santsi da sheƙi, ba ta riƙe labarin kowa. Abin da ya rage masa shi ne takalman baƙi da ake cirewa a bakin ƙofa. Yakan zauna ya duba su yadda wasu ke duba jarida, ya san mai ciwon ƙugu, ya san mai saurin fushi, ya san wanda ya daɗe yana kai-komo a ƙasan bene kafin ya yanke shawarar hawowa.

Ranar Laraba da safe ya ga wasu silifa masu ruwan toka, sun cinye daidai wa daida, hagu da dama, kamar an auna. Mai su Gwaggo ce, tana falo tana magana da ɗansa a hankali. Ba kuka take ba. Cewa take shekararta sha tara tana wanke ƙasan gonar nan, tun ana tanki biyu, kuma jiya jikarta ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci saboda abin da yara suka kira kakarta. Injiniya ya ce shi ma abin ya dame shi, amma kwamfuta ba ta san ta ba balle ta ƙi ta. Ya ce har gwaji ya yi: da ya haɗa ƙirgen mutum huɗun, ya zo daidai da yawan buɗe ƙofar gaba ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Da ta fito, tsohon na zaune kusa da takalmanta.

"Malam, a gafarce ni, zan sa."

"Sa abinki, baiwar Allah. Ba ki ɗaukar kaya a gefe guda, ko?"

"Bayana ba ya bari. Ko bokiti sai na raba ruwan biyu."

Da ta sauka, tsohon ya ce wa ɗansa ya ɗauko masa sandarsa, zai je ya ga kifi. Injiniya ya ce, Baba, wurin nan siminti ne, ana wanke shi kullum, babu sawun da za ka gani. Tsohon ya ce ai shi ma ƙafarsa ta yi tsami, ko ba komai ya miƙe ta.

* * *

A gonar, Direba ne Mai Sawu ya fara samu, yana wanke jarkokin da aka yanke wa kai, waɗanda yake kai ƙananan kifi da su. Mutum ne mai fara'a da bakin magana. Ya ce jiya shi ne ɓarawo har zuwa ƙarfe biyu, daga nan aka sauke shi aka naɗa Gwaggo, ko sallama ba a yi masa ba. Mai Sawu ya leƙa bayan motar, ya ga silɓi da ya bushe a ƙasan wata jarka, mai kauri, ba na ƙananan kifi ba. Direba ya amsa cewa wani lokaci yakan ɗauko wa wata gona kaya a hanyar dawowa ba da sanin Mai Gona ba, ya roƙi tsohon ya rufa masa asiri. Mai Sawu ya zura hannu a bakin jarkar. Yankan ya yi ƙanƙanta, uwar tarwaɗa mai kilo biyar ba za ta shiga ba sai an karya ta. Ya goge hannunsa ya wuce.

Mai Gona yana ofis, ransa a ɓace. Ya ce ba kifin ne ya fi ƙona masa rai ba, don dama sun tsufa, ƙwansu ya ragu, mako biyar da suka wuce ya tara ma'aikata ya gaya musu zai sayar da su ga masu banda. Abin da ya ci masa rai shi ne matar da ya ɗauka kamar yayarsa. Tsohon ya saurara, idonsa na kan wani layin tururuwa da ya ratsa ƙasan tebur ya shige wani aljihun teburin da bai rufu sosai ba.

Ungozoma ya buɗe masa ɗakin ƙyanƙyasa ƙarfe biyu daidai, ya ce ya shigo da sauri. Ciki da ɗumi da ƙarar ruwa. Ya bayyana cewa duk buɗe ƙofa iska ce mai sanyi, iska kuma tana taɓa ruwa, ruwa ya taɓa 'ya'yan. Saboda haka shi sau huɗu yake shiga a yini: bakwai, sha ɗaya, biyu, biyar. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ba shi da ranar hutu. Ko ranar da aka kwantar da matarsa asibiti, daga can ya riƙa zuwa. Ya nuna wata takarda a bango inda yake yin alama bayan kowane ba da abinci, huɗu-huɗu a jere har ƙasa kamar ɗinkin keke.

Sha biyar ɗin da suka rage suna kwance a ƙasan tanki. Da inuwar Ungozoma ta faɗa kan ruwan sai suka taso, gashin bakinsu na motsi. Mai Sawu ya lura yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, kuma kowace da sunanta. Ya tambaye shi ko yana ganin Gwaggo za ta iya satar kifin. Ungozoma ya ce shi kifi ya sani, bai san mutane ba. Yana faɗa yana kallon ruwa.

* * *

Da Mai Sawu ya koma gida ya ce wa ɗansa yana son ganin sawun. Injiniya ya miƙo masa takardar ƙirge mai layi huɗu. Tsohon ya juya ta, ya ce wannan labarin sawu ne, shi sawun kansa yake so. Ya ce a zamaninsa idan mai shanu ya zo ya ce mutum uku ne suka shiga garke, yakan gode masa, sannan ya je ya duba ƙasa.

"Baba, layi ɗari biyu da wani abu ne. Kai da ko wasiƙa sai an karanta maka."

"Lamba dai na sani. Buga mini su da manyan baƙi. Ka tausaya wa idon tsoho."

Shafi sha huɗu suka fito. Washegari da sassafe surukarsa ta fito ta tarar ya kawar da kujerun falo, ya jera takardun a ƙasa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙofar kicin har bakin baranda, ya ɗage labule don hasken ya zo a kwance. Ta tsaya da tire a hannu ta rasa ta inda za ta bi. Ya ce ta yi haƙuri, shi abin da ba a ƙasa yake ba ba ya iya karanta shi.

Ya durƙusa a kan gwiwoyin da suka yi ritaya, ya bi sha biyu. Ga ta nan da safe, ƙarfe takwas saura, ga ta gobe, ga ta jibi, tafiyar mace mai tsari. Ya ji kamar yana bin akuyar da ta san hanyar rijiya. A shafi na biyu ya tsaya. Wata sha biyu ce da yamma, ƙarfe biyar da minti uku, kuma tana jan wani abu a bayanta.

Ya tuna wani ɓarawo da ya taɓa wahalar da shi kwana uku, wanda yake taka ƙafarsa daidai cikin sawun makiyayi, har mai ƙirga ya ce mutum ɗaya ne ya wuce. Diddigensa ne ya tona shi, don ya fi na makiyayin tsawo da ɗan yatsa, kullum yana leƙowa ta baya.

Ya kira ɗansa, ya ɗora yatsa. "Wannan sha biyun me ya sa take da wutsiya?"

Injiniya ya sunkuya. Kati ɗari da ashirin da bakwai. Ɗaya, biyu, bakwai. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya zauna a ƙasa, abin da mahaifinsa bai ga ya yi ba tun yana makaranta, ya yi bayani da muryar da ba tasa ba. Ya ce ya gaya wa kwamfuta ta nemi kati da ɗaya da biyu, bai gaya mata ta duba abin da ke biye ba. Duk inda ta ga farkon ya yi daidai sai ta ƙirga ta wuce. Shi ya sa jimla ta cika, baƙon ya shige cikin rigar Gwaggo. Katin kuwa ɗaya ne daga cikin guda goma na ajiya da ya kunna ranar da ya haɗa ƙofar, don gwaji, ya manta bai kashe su ba. Suna cikin aljihun teburin ofis, wanda ba ya kulluwa.

Ya gyara umarnin a nan take, ya sa ta riƙa ɗauko kowace lamba cikakkiyarta, har wadda ba a ba ta ba. Sha biyu, talatin. Ɗari da ashirin da bakwai, tara. Ya miƙe zai kira Mai Gona.

Tsohon ya ce ya dakata. Wanke ta rabin aiki ne. Muddin ba a san mai katin ba, masu shaguna za su ce ita ta ɗauke shi daga aljihun tebur, tun da ita ke share ofis. Ya ce a ba shi takardar farko, mai layi huɗu, wadda ya raina jiya. Ya sa aka karanta masa ƙirgen kowa a hankali. Da aka zo kan na Ungozoma ya ɗaga hannu, ya nemi surukarsa ta ara masa kwalin ashana.

* * *

Ranar Juma'a da yamma suka taru a rumfar da ke gaban ɗakin ƙyanƙyasa. Mai Gona a kujera, Direba a kan jarka, Ungozoma a tsaye jikin ƙofa, Gwaggo can gefe a kan benci, hannuwanta a cinya.

Injiniya ya fara. Bai ɓoye komai ba, bai kuma ɗora wa kwamfuta ba. Ya ce abin da ya tambaye ta shi ta amsa, tambayar ce gurguwa. Mai Gona ya aika aka ɗauko katunan ajiya, aka ƙirga, tara ne, babu mai bakwai a ƙarshe. Direba ya ce to an dawo kansa ke nan, a bari ya sha ruwa tukuna. Babu wanda ya yi dariya.

Mai Sawu ya zube ashana a kan tebur. Ya ce kowa ya zuba ido yana neman wanda sawunsa ya yi yawa, ba wanda ya nemi wanda nasa ya gaza. Ya jera tsinke huɗu, ya ce wannan yini guda ne na mutumin da ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Yini talatin da biyar, ɗari da arba'in ke nan. Ya ce ɗansa ya karanta abin da takardar Talata ta ce.

"Ɗari da talatin da ɗaya," in ji Injiniya.

Tsohon ya ce tara sun ɓace. Amma takardar bango ta ce ba ranar da kifi suka rasa abincin ƙarfe biyar. To wa ya ba su, ta wace ƙofa? Ya ce da wani ne, da sai ya shiga da katinsa ya ba da abinci, ya fita, ya dawo daga baya da katin sata, ƙirgensa ya cika. Mutum ɗaya ne a gonar nan da zuciyarsa ba za ta bar shi ya buɗe ƙofar nan sau biyar ba, ko don ya tsira.

Ruwa na ta zuba a ciki. Ungozoma ya sa hannu a aljihu ya fito da katin ya ajiye kusa da ashanar.

Ya ce suna raye, duka taran. Akwai tsohon tankin ruwa a bayan gidansa, can ya kai su, ɗaya-ɗaya, a cikin bokitin da yake fita da shi da yamma, da jiƙaƙƙen buhu a kai. Ya ce shekara bakwai yana matse ƙwai daga cikinsu da hannunsa, duk tankunan nan 'ya'yansu ne da jikokinsu, ya kasa tunanin su a kan waya ana hura musu hayaƙi. Ya yi niyyar kwashe duka, lokaci ne bai kai ba. Ya ce bai taɓa zaton abin zai faɗa kan Gwaggo ba, da ya faɗa kuma, kullum yana cewa gobe zai yi magana.

Mai Gona ya buɗe baki, Gwaggo ta riga shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ma na yi nawa ƙirgen, ɗan'uwa. Daga Talata zuwa yau ina zuwa ina zama a bakin ƙofar can, ko za a kira ni. Sau sha ɗaya ka wuce ni. Sau sha ɗaya ka ce, sannu Gwaggo."

Ungozoma ya sunkuyar da kai. Ta ce kifi tara ya ji tausayinsu, ba ta ga laifinsa a nan ba, ita ma takan gaishe su da safe.

* * *

Mai Gona ya ce a dawo da kifin gobe, maganar Ungozoma kuma sai ya kwana a kanta. Ya ciro katin Gwaggo daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu, yana ba ta haƙuri. Injiniya ya ce zai ba ta sabuwar lamba mai tsawo wadda ba za ta shige cikin ta kowa ba. Ta ce a bar mata sha biyunta, ba lambar ce ta yi laifi ba. Amma ba ta karɓa ba. Ta ce ba a nan aka karɓe shi ba.

Mai Gona ya gane. Ya miƙe, suka bi shi har bakin babbar ƙofa. Rana ta yi sanyi, yara na dawowa daga wasa, tela ya tsayar da kekensa, mai kanti ya leƙo. Nan ya tsaya, daidai inda ya tsaya ranar Talata, ya faɗa da ƙarfin da ya faɗi ta farko cewa matar nan ba ta taɓa masa ko ƙaya ba, shi ne ya yi gaggawa. Sannan ta miƙa hannu ta karɓa, ta ɗaure shi a bakin zaninta, ta ce sai da safe.

Mai Sawu bai kalli fuskar kowa ba. An yi yayyafi da rana, bakin titin da laushi, ya bi bayanta da ido. Hagu da dama, nauyi ɗaya, taku a tsaye. Ɗansa ya zo ya tsaya kusa da shi, ya daɗe yana kallon inda tsohon ke kallo, sannan ya tambaya a hankali wanne ne nata a cikin duk waɗannan.

Tsohon ya miƙa masa sandar ya riƙe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya durƙusa tukuna, daga tsaye ba a gani.